Sanata da Hantar Oga Danladi

Jama'a, ku zo ku ji yadda kare ya mai da maƙwabcina ɗan aike!

Oga Danladi nake nufi, wanda gidansa ke jikin nawa a Agege. Ya sayo wani ƙaton kare, wai ɗan ƙasar waje, ya sa masa suna Sanata. Wata biyu ke nan haushinsa ya hana layinmu sakat. Kullum kuma sai ya zo teburina a mahauta ya sayi hanta. Na ɗauka iyalinsa ke ci!

Yau da hantsi ya ɗauko mai horar da karnuka tun daga Ilupeju, ya aiko in zo. Ina shiga ya nuna ni da yatsa: "Ga matsalar nan! Ƙarnin naman jikinsa ne ke haukata min kare."

Ni!

Sai Sanata ya fara haushi. Oga ya ruga ciki, ya fito da kwano, ya jefa masa hanta. Kare ya lanƙwame, ya sake haushi. Oga ya sake jefawa!

Mai horarwar ya ce, "Oga, kullum haka kake yi?"

Ya ce, "Eh mana, ita kaɗai ke rufe masa baki."

Mutumin ya dafe kai. "Ai kai ka koya masa! Sai ya yi shiru ake ba shi."

Na ce, "Oga, in haka tsarin gidanka yake, ka ajiye min tawa. Gobe da sassafe ni ma zan zo ƙofarka in fara."