Jawabin da Baba Yake Kai wa Sarki

Babanmu kafinta ne, amma in ka shigo layinmu kana neman gidan kafinta sai ka sha yawo. Ka ce Ɗan Aike kawai, yanzu a nuna maka ƙofa.

A wasan kwaikwayo ya samo sunan. Shekara ashirin da shida ƙungiyarsu tana yin tsohon wasan nan na sarkin da ya ƙare rayuwarsa a kan doki, yana cin gari bayan gari. A dandamali ba a nuna yaƙi. Ina za a sa dawaki a kan katako mai taku goma sha biyu? Sai dai ɗan aike ya shigo a guje, ya zube gaban sarki, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Baba ne wannan ɗan aiken. Minti tara yake yi yana magana shi kaɗai: yadda aka ƙetare kogi, yadda aka ci nasara, sannan ya shiga jero waɗanda suka mutu har ya zo kan ɗan sarkin. Na ga ƙattin maza suna share hawaye da hula. Mama kuwa cewa take duk maganarsa sarki yake kai wa, shi ya sa a gida sai "to" da "a'a".

Babu wanda ya taɓa tunanin naɗar jawabin nan, har da ni, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Da muryarsa ta fara dishewa, mun ɗora wa garin katako laifi. Likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, in an yi aiki da wuri wataƙila a ceci wani abu na muryar. A satin ne wani darakta ya zo shago, ya zauna a kan bencin da ba a gama gogewa ba, ya ce zai mayar da wasan fim. Za a nuna yaƙin gaba ɗaya, mutum ɗari biyu da dawaki, amma ba zai zubar da ɗan aike ba, kuma Baba yake so. Nan da wata huɗu za a ɗauki nasa.

Baba ya cusa katin asibiti a aljihun teburin da yake zuba ƙusoshi. Na yi faɗa, na yi kuka, na kira ƙannensa.

"Baba, don Allah ka bari a yi aikin nan. Fim ba zai gudu ba."

"Ke 'yar nan, in suka taɓa wuyan nan, wa ya san abin da zai rage? Bari in ajiye muryar a wani wuri tukun, sai su yanka."

Ni na raka shi ranar ɗauka. Wani tsohon sito ne, fitilu sun mayar da shi kamar tanda. Aka manna alama a ƙasa, aka ce kada ya wuce ta, wani mutum ya riƙe doguwar sanda mai makirfo a saman kansa. Baba ya buɗe hannuwa yadda ya saba, ya ɗaga murya don na kujerar baya su ji, sai tari ya sarƙe shi.

"Baba, a hankali," in ji darakta. "Sarkin ga shi nan gabanka."

A karo na uku muryar ta ƙi tashi, sai ya bi ta a yadda take, ƙasa-ƙasa, a dishe. Ya kai jawabin har ƙarshe bai tsallake mamaci ko ɗaya ba. Ban taɓa jin ya yi shi haka ba. Da ya gama, har mai wasan sarki ya kasa ɗago kai. A mota Baba ya ce gobe mu je asibiti.

An makara. Gaba ɗaya suka cire inda muryar take fitowa, ya dawo gida da ƙyalle a wuya da ƙaramin littafi a aljihu, a ciki yake rubuta mana abin da yake so.

Bayan shekara aka gayyace mu kallon farko, da la'asar. Baba ya sa aka goge masa riga sau biyu. Yaƙin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. An ga kogin, an ga jini, an ga ɗan sarki ya faɗo daga doki. Sai ga Baba ya shigo a guje, fuskarsa ta cika bango. Bakinsa na motsi, kiɗa mai taushi na tashi, ina jira kiɗan ya sauka. Bai sauka ba. Daƙiƙa goma sha biyar, aka koma kan fuskar sarki.

Da aka kunna fitilu na bar Baba a zaune, na tare darakta a bakin ƙofa. Na ce ban zo rigima ba, sautin kawai nake so, a tura mini a waya.

Ya sosa ƙeya. "Anti, gaskiya ba mu ɗauki sauti ba ranar. Tun a rubutu kiɗa ne a wurin, tunda mutane sun riga sun ga yaƙin. Sandar ma don kada ransa ya ɓaci na sa aka riƙe. Wallahi girmamawa ce."

Na so in mare shi. Abin da ya hana ni, na ga da gaske yake, har ransa gani yake alheri ya yi.

Na koma wurin Baba. Ya riga ya ciro littafin, ya rubuta, ya miƙo mini: "Za su ba ki?"

Na ce masa e, suna nema, sai wani satin. Wata bakwai ya ƙara a duniya, kuma duk sati sai ya miƙo mini shafin nan.