Ƙullin Kanwa a Hanyar Masar

Har yau idan na ji ƙarar safar hannu ta roba, wannan "fat" da take yi in an ja an saki, sai gabana ya faɗi. Abin da ya same ni a filin jirgin Kuala Lumpur ba zai taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina digiri na biyu, muna haya a unguwar Taman Melati ni da wata 'yar Kano da ta girme ni, ina ce mata Yaya. Tun ina ƙarama nake mafarkin ganin dalar Fir'auna, in tsaya a gindinta rana tana faɗuwa. Da hutu ya zo muka shirya zuwa Masar. Na sayi takalmin da zai jure yashi, da mayafai marasa nauyi, da gorar ruwa, har da rigar sanyi, don an ce asubar hamada ba ta wasa. Waɗanda suka taɓa zuwa sun ce baƙo ba ya rasa ɓacin ciki a can. Da na gaya wa Umma a waya, ta ce in ɗauki kanwar da ta sako mini a kaya, ɗan kaɗan a ruwa ya wadatar.

Na daka ta lukui, na ƙulla a 'yan ledoji ƙulli-ƙulli yadda ake yi a gida, na zuba a jakar hannu. Ni dai kulawar uwa kawai na gani a ciki.

A wurin bincike jakata ta shiga na'ura ta fito, aka sake mayar da ita. Wata jami'a ta sa safar hannu, ta buɗe, ta riƙa jera ƙullin a kan tebur. A nan ne na gan su da idon baƙo: farin gari, a ƙananan ledoji, a jakar 'yar ƙasar waje. Sai na tuna sanarwar da ake yi a jirgi in za a sauka a Kuala Lumpur, cewa safarar ƙwaya tana iya kai mutum ga hukuncin kisa.

Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki. Jami'ar ta tambaye ni mene ne wannan, na buɗe baki na tarar ban san sunan kanwa da Turanci ba, balle da Malay. Na ce kamar gishiri ne, muna sha don ciwon ciki. Ta dube ni. Ta gilashin ƙofa ina hango Yaya, leɓɓanta suna motsi da addu'a. Na tuna Umma, na rasa wa zai iya kai mata wannan labari.

Jami'ar ta ɗebi garin ta zuba a wata 'yar kwalba mai ruwa, ta ce in launi ya sauya, maganar ta wuce hannunta. Ta girgiza. Ban taɓa kallon wani abu a duniya yadda na kalli ruwan nan ba. Bai sauya ba. Ta kwance wani ƙullin, da wani, duk haka.

"Boleh," ta ce da Malay, wato an yarda in tafi. "Amma wannan zai zauna a nan."

Da na fito Yaya ta riƙe hannuna. "Ƙanwata, mutane suna zuwa Masar da kyamara, ke kin taho da kayan tuwo."

Daga ranar na san abin da kowa ya sani a tsakar gidanmu ba shi da mai shaida a ƙasar wasu. Magani kuwa ba na tafiya da shi sai a kwalinsa, da sunansa a jiki.

Na ga dala, na yi kuka a gindinta. Sai bayan shekaru na karanta cewa a wani kwari cikin hamadar Masar aka daɗe ana haƙo kanwa, kuma da ita mutanen wancan zamani suke busar da gawar Fir'aunoninsu. Ashe gidan kanwa na nufa da 'yan ƙullina.