Rigar Sarki Ta Ƙi Yagewa

Ban taɓa mantawa da ranar da ingancin ɗinkina ya kusa raba ni da aiki ba. Farkon shekarun casa'in ne, ina wata na biyu cikin watanni uku na gwajin aiki a ɗakin ɗinki na sashen wasan kwaikwayo na wata jami'a a New York.

Wasan Girkawan dā ake shiryawa. Nasu iri biyu ne: na ban dariya, da na ban tausayi da ake tashi da kuka. Namu na kuka ne. A ƙarshensa sarki zai ji mugun labari, ya kama wuyan rigarsa ya keta har ƙasa.

Ni ban san da wannan ba, don mu teloli lamba kawai muke gani a jikin riga. Na ɗauko ta sarki, na ga gabanta an bi shi da zare ɗaya, kamar aikin mai gyangyaɗi. Raina ya ɓaci. Ni da na koyi ɗinki a Kano, rigar sarki ta fita hannuna haka? Na farke, na bi ta da keke sau biyu.

Ranar gwajin wasan na ƙarshe, sarki ya kurma ihu, ya ja riga. Ko gezau. Ya sake ja har abin rufe fuska da ya sa don wasan ya karkace. Dattawa goma sha biyu masu taya shi makoki da waƙa suka fara tarin ƙarya, ɗaya ya zauna daɓas yana ƙyaƙyata dariya.

Shugabar ɗakinmu ta juyo. "Sani, aikinka ne?"

Na ce, "Madam, gyara na yi."

Ga shi kuwa takardar tabbatar da ni a aiki tana kan teburinta. Ta ce mako guda ta yi tana gwada zaren da zai tsinke a ja ɗaya. Sannan ta ce, "Daga yau, bayan kowane wasa, kai za ka mayar da ɗinkin banzan nan." Takarda kuwa ta sa mata hannu.

Ku da kuke tasowa, kafin ku zura allura ku tambayi abin da za a yi da rigar. Sau goma sha takwas na ɗinka ta don ta yage. Duk sanda na ji ƙarar ketawarta ina bayan labule, 'yan kallo na sharar hawaye, ni kaɗai nake murmushi.