Ranar da Maigidana Ya Yi wa Rikoda Kwalliya

Ko zan manta komai na zamanmu a unguwar PK5, ba zan manta yadda tsohuwar rikoda ta kusa kai maigidana Makka ba.

Gadon mahaifinsa ce, irin mai manyan faifai biyu da zare ke zagayawa a tsakaninsu, ga nauyi kamar buhun gero. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin ko tarinta ba, ni dai a kanta nake kife kwanukana.

Wata rana wani dillalin tsofaffin kaya daga unguwar Miskine ya shigo falonmu fakewa ruwan sama. Yana ganinta ya sauke kwanukan, ya dinga shafa katakonta. Ya ce Turawa na neman irinta ido rufe, kuɗinta zai kai mutum aikin Hajji, kuma zai dawo da mai saye.

Maigida kuwa cikinsa ba ya riƙe magana. Nan da nan majalisar ƙofar Masallacin Koudoukou ta fara kiransa Alhaji, yana amsawa har da gyaran murya. Ban ga laifinsa ba, domin ya daɗe yana wannan buri.

Sai dai sana'arsa sayar da takalman gwanjo ce, kuma a wurinsa abin da bai yi ƙyalli ba bai da daraja. Mutumin da ko gemunsa sai ya shafa wa baƙi kafin ya fita. Ya ce, "Maman yara, kin taɓa ganin an kai kaya kasuwa da dauɗa?"

Na ce, "Malam, da ka bari mutumin ya dawo tukuna."

Ya ce mata ba mu san ciniki ba. Na kwashe kwanukana na ba shi wuri.

Ya malale katakon da koren fenti. Ya kai ta wurin mai gyaran rediyo, aka kwashe kayan cikinta kaf, aka sa mata sabuwar sifika mai cin memori, aka zagaye ta da fitilu masu ƙyafta ido. Tsofaffin ƙarafan ya ba 'yan gwangwan kyauta, har yana yi musu godiya.

Ranar da dillalin ya iso da wani dattijon Bature, rabin majalisa ta biyo su kallo. Maigida ya yaye mayafin da ya rufa mata, ya danna maɓalli. Fitilu suka kama rawa, kiɗa ya cika falo. Baturen ya cire tabarau ya zauna a kan turmina.

Dillalin ya dafe kai, yarensu na Sango ya kufce masa: "Papa, ala sara nyen? Me ka yi haka? Ina kayan cikinta?"

"Ai sun tsufa, na zubar."

"Papa, tsufan nan shi muka zo saye."

Dariya ta zo mini iya wuya, amma da na ga idon maigida ya ciko, sai tausayi ya kama ni. Makka dai ba a je ba a shekarar, suna kuwa ya zauna, har yau Alhaji Rikoda ake ce masa. Washegari da safe na tsinci kwalbar baƙin gemunsa a kwandon shara, kuma bai sake saya ba.

Abin da na koya shi ne, kafin ka gyara abu ka tambayi me ake so a jikinsa, don ba kowane tsufa ne aibi ba. Kwanukana kuwa sun koma mazauninsu, yanzu har da fitilu.