Salkar Isiyaku Baduku

Duk wanda ya san kasuwar Jega ya san rumfar Isiyaku Baduku. Shekara arba'in yana zaune a wurin da basilla a hannu, yana bankin takalma da jakunkunan makaranta da kujerun babur. Aikin na ciyar da shi, amma bai taɓa kiransa dukanci ba. Dukanci, in ji shi, shi ne wanda kakansa ya yi wa fataken Gwanja: burgami na zuba kaya, zabira, da salkar da ke riƙe ruwa da sanyinsa tafiyar yini guda. Ya koya tun yana yaro, amma wa zai saya? Jarka da Gana-mas-go sun gama da su.

Sai ga wani matashi, Abdulbasit, shugaban wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a Aliero, ya zo da magana mai daɗi. Za su yi wasa kan ayarin fatake, suna son kaya irin na da sak. Isiyaku ya ji kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Sharaɗi ɗaya ya kafa: a faɗi sunansa a gaban jama'a, domin a san gidansu bai mutu ba.

Da kansa ya tafi Maiyama neman fatun awaki waɗanda aka feɗe ba a tsaga cikinsu ba. Ya tsaya a kan majemi har aka jeme su da bagaruwa yadda yake so. Zaren roba kuwa ko kusa da rumfar bai bari ya zo ba, fata ya yanka siri-siri ya yi ɗinkin da ita. Mako bakwai yana yi, ga ido ya fara gajiya. Da ya gama ya cika salkar, ya rataye ta kwana uku, ko ɗigo.

Ranar wasan ya sa babbar riga, ya cika mota da abokan zamansa na kasuwa, har da Waliyyu mahauci, wanda bakinsa ba ya da linzami. Mutum ya kai ɗari huɗu a filin.

Da fataken wasa suka fito, sai da Isiyaku ya murza ido. An ja burgamansa a ƙasa, an shafe su da toka da baƙin mai. Salkar kuwa an huda ta da wuƙa, an cusa tsumma, ruwa na bin bayan mai ɗauke da ita, mutane na ta dariya. Ana cikin haka lasifika ta cika alkawari: "Kayan nan duka aikin Malam Isiyaku ne na Jega!" Aka kaure da tafi.

Waliyyu ya duƙo ya ce, "Baduku, ashe rariya kaɗ ɗunka muna?"

Isiyaku bai jira an tashi ba, ya zagaya baya ya tare Abdulbasit. "Kai, mi kunka yi ma kayana?"

"Baba, sun yi sabunta da yawa ne. Kayan da ai dole su yi kama da tsofaffi."

"Tsohhi? Ran da kakana yaɗ ɗunka su, sabbi na! Wa ac ce maka mutanen da cikin tsumma anka haihe su? Bahwatake ya tashi da salka huje, ƙishi na kashe shi tun bai kai Yawuri ba!"

Yaron ya ba da haƙuri, da gaskensa kuma. To, haƙuri na toshe huji? Mu ma da muke ba da labarin abin na ci mana rai. Mutanen da suka taka da ƙafa har Gwanja suka komo da goro, a nuna su kamar waɗanda ba su iya tattalin kayansu ba!

Ya fizge salkarsa ya koma Jega. Ya wanke ta, ya yi mata banki mai kyau, ya rataye a bakin rumfa. Kullum da safe sai ya cika ta. In ya ji mutum daga Aliero yake, sai ya tambaye shi ko ya ga wasan nan. In ya ce ya gani, to ba ya wucewa sai ya sha ruwan, ya shafa ɗinkin, ya faɗi da bakinsa cewa ba ta yoyo.

Shekara biyu ke nan. Cikin mutum ɗari huɗun nan, talatin da ɗaya ya samu.