Yaɓen da ya toshe na'urar ɗakin Inna

Shekarar da wutar lantarki ta iso unguwarmu a Filinge, na sa aka ja waya zuwa ɗakin Inna, mahaifiyata, aka kafa na'ura a bango, fara, kamar murfin kwano. Mai haɗa wutar ya yi mini bayani, na rubuta. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska marar wari mai kisa. Na'urar tana shaƙar ta ta ƴan ƙananan hudoji, sai ta yi ƙara. Akwai pil, wato batir, a ciki saboda ɗaukewar wuta.

Na tsara aikina. Farkon kowane wata in danna maɓalli in ji ƙara, sannan in share hudojin. Pil kuwa shekara-shekara. Dole in kula, don Inna ba ta rabuwa da kaskon gawayi lokacin ɗari, kuma tana toshe ƙasan ƙofa da tsumma.

Wata shekara bayan kaka aiki ya kai ni Bonkuku sati uku. A bayana yayata ta tara matan gida suka yi wa ɗakin sabon yaɓe.

Da hantsi na dawo, ƙofar Inna a rufe. Inna na bakin gado, kai na sara, ta yi amai, ta kasa tashi. Kasko na ci. Na'urar shiru. Na ɗauko Inna na fitar waje, sannan na kai ta likita. Ta kwana biyu a can.

Sai daga baya na duba bangon. An shafe na'urar da laka sumul, har an zana mata zobe da yatsa. Koren haskenta kaɗai aka bari. Yayata ta ce abin ya yi wa Inna ihu sau biyu gaban baƙi, kuma baƙon abu ne a tsakiyar aikinsu mai kyau.

“Ai mun bar mata ido, ƙanena.”

“Yaya, da hanci take aiki. Sau biyu ta gaya muku gaskiya, kuka cika mata shi da laka.”

Har yau in na tuna zoben nan raina yana ɓaci. Laka ta riga ta shiga ciki, na sa aka kafa sabuwa. Na fasa taga a saman bangon da hannuna, na ƙone tsumman ƙofa. Ranar yaɓe kuma, tun daga shekarar, ina ɗaukar kujera in zauna ƙarƙashin na'urar har matan su wanke hannu.