Turaren da Na Saya wa Inna

Ana saura mako guda babbar Sallah, a shekarar da kuɗin mota daga Gudu zuwa ofis ya ninka, na ga wani turare mai tsada a intanet, na yi wa mahaifiyata odarsa. Yayata ta leƙa wayata ta ga farashin.

"Ke, kin haukace? Wannan ai kuɗin buhun shinkafa ne!"

Na ce, "Yaya, tun muna yara Inna ke tallan nono a kasuwar Bwari, ba ta taɓa saya wa kanta abin marmari ba. Shinkafa kuwa tuni na kai mata."

Ranar idi Inna ta fesa, ta sunsuna mayafinta, ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta zo ita ma a fesa mata. Har yau ban yi nadama ba.